Filin Tambaya da Amsa: Dunƙulen Harsashi da Bututun da Ya Dace da Shi

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru ne a kan abu ɗaya, wato dunƙulen harsashin da ake ɗura wa bindigar farauta mai faɗin baki, irin wadda aka fi sani da harbin tsuntsaye. Harsashinta na yau da kullum cike yake da ƙananan ƙwayoyin darma masu watsuwa, amma akwai wani iri wanda curi ɗaya ne tak a cikin kwansonsa, Turawa suna kiransa silog, kuma da shi ake harbin manyan namun daji a ƙasashen da doka ta yarda. A nan za mu riƙa kiransa dunƙule.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio a Amurka, kuma abokan aikina sun gayyace ni farautar barewa a ƙarshen watan Nuwamba. Na yi kwas ɗin da hukuma ta shar'anta, na karɓi lasisi, na kuma sayi bindiga Mossberg 500 mai geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin cikin bututu). Da na je kanti sai na tarar da dunƙule iri biyu, ɗaya an rubuta Rifled Slug a kwalinsa, ɗayan kuma Sabot, kuma na biyun ya ninka na farko a kuɗi. Mai kanti ya tambaye ni irin bututuna, na rasa amsa. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayar da mai kanti ya yi maka ita ce tushen maganar gaba ɗaya, domin bututu ne yake zaɓar dunƙule, ba farashi ko sunan kamfani ba. Ka tabbatar babu harsashi a bindigar, ka kwance bututun daga jikinta kamar yadda littafinta ya nuna, sannan ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ciki. Idan ka ga cikinsa sumul yana ƙyalli tun daga gindi har baki, to bututunka mai santsi ne. Idan kuwa ka ga wasu tsagogi da suka murɗa suna zagaye cikin ƙarfen kamar saƙar igiya, to mai murɗiya ne. Yawancin bindigogin irin taka da santsin ciki suke fitowa, musamman idan bututun dogo ne kuma saitinsa ɗan ƙwallo ne guda a kan baki, amma idonka ne zai yanke hukunci.

Duk abin da aka harba yana bukatar wata dabara da za ta hana shi tuntsura-gudi a iska, kuma dabarun biyu ne. Ta farko ita ce a tara nauyin a gaba a bar bayan sakayau. Maharbanmu na dā sun san wannan sarai, domin kibiyarsu ba ta da gashin tsuntsu a gindi, amma tana tafiya sak saboda kanta baƙin ƙarfe ne, jikinta kuwa kyauro ne marar nauyi. Dabara ta biyu ita ce juyi. Wanda ya taɓa kallon mazari a hannun mai kaɗi, ko katantanwa a hannun yara, ya ga yadda abu mai saurin juyawa yake tsayawa kyam ba ya karkata. Bututu mai santsi ba ya iya juya abin da ya bi ta cikinsa, saboda haka dole ne dunƙulensa ya dogara da dabarar farko. Bututu mai murɗiya kuwa an yi shi ne musamman don dabara ta biyu.

Abin da aka rubuta wa Rifled Slug shi ne dunƙulen da wani Ba'amurke mai suna Karl Foster ya ƙirƙiro a 1931. Darma ce mai taushi, kanta a dunƙule, gindinta kuma da rami mai zurfi kamar ƙaramin kofi, ta yadda nauyin yake taruwa a gaba. A jikinta na waje akwai wasu ƙananan haƙarƙari da aka ɗan karkata, kuma daga su ne sunan nan mai ruɗarwa ya samo asali. Mutum zai ga sunan ya ɗauka cewa na bututu mai murɗiya ne, alhali kuwa akasin haka ne: na bututu mai santsi ne. Haƙarƙarin ba su juya dunƙulen ta yadda za a ce juyin ne yake riƙe shi a hanya. Babban aikinsu shi ne su lotsa idan dunƙulen ya zo wucewa ta matsin da ke bakin bututu, ya fita ba tare da ya takura ƙarfen ba. A ganina da tun farko an ba shi wani suna, da an rage wa masu kanti rabin surutun da suke yi da sababbin mafarauta.

Na geji 12 da aka fi sayarwa nauyinsa oza ɗaya ne, wato kimanin giram 28, kuma yana barin baki da gudun da ya kai wajen mita 490 a daƙiƙa. Wannan nauyi ne mai yawa, dukansa kuma ba wasa ba ne, sai dai siffarsa mai faɗin kai tana sa iska ta ci ƙarfinsa da wuri, ya fara sunkuyawa ƙasa, iskar gefe kuma ta riƙa ture shi. Shi ya sa masu gaskiya a cikin mafarauta suke tsayar da shi a tsakanin mita 50 zuwa 70. Akwai bindigogin da suke kai shi mita 90 da kyau, amma wannan sai wanda ya gwada tasa ya gani.

Na biyun, wanda ake rubutawa Sabot, sunansa kalmar Faransanci ce mai nufin takalmin katako, kuma a bakin masu ita tana fita kamar a ce “sabo”, ko da yake ba ta da alaƙa da sabunta. Mu kira shi mai riga. Harsashi ne siriri wanda bai cika bututun ba, sai aka sanya shi a cikin rigar roba wadda ita ce take cika faɗin. Idan aka harba, tsagogin murɗiya suna kama rigar su juya ta, ita kuma ta juya harsashin da ke cikinta, da zarar sun fita baki sai iska ta yaye rigar ta faɗi, harsashin ya wuce shi kaɗai yana juyi. Da yake siriri ne mai tsini, bai cika asarar gudu ba. Misali, na kamfanin Hornady mai suna SST na geji 12 nauyinsa bai wuce giram 19 da ɗoriya ba, gudunsa kuma kimanin mita 610 ne a daƙiƙa, kuma a bututu mai murɗiya da aka ɗora wa madubin saiti, harbin mita 130 zuwa 150 ba abin mamaki ba ne.

Idan ka sa mai riga a bututu mai santsi, zai fita lafiya, amma babu abin da zai juya shi, nauyinsa kuma ba a gaba yake ba, saboda haka sai ya fara tangaɗi, wani lokaci ya isa allon gwaji a kaikaice ya bar rami mai tsawo kamar kafar makulli. Ka biya kuɗi mai yawa ke nan don ka sami harbin da bai kai na mai araha ba. Idan kuma aka sa na Foster a bututu mai murɗiya, shi ma zai fita, har ma yakan yi daidai a harbin farko-farko, amma darmarsa mai taushi tana gogewa ta cike tsagogin, saiti ya lalace, wankin kuma ya zama jan aiki. Don haka idan bututunka mai santsi ne ka sayi na Foster ko na Brenneke wanda za mu yi bayaninsa a amsa ta gaba, ka bar mai riga a kanti.

Kada kuma ka sayi iri ɗaya ka wuce daji da shi. Bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya suna iya bambanta a kan dunƙulen da kowacce take so. Ka sayi kwali ɗaya ɗaya daga kamfanoni uku, galibi guda biyar ne a kwali, ka je filin koyon harbi, ka ɗora bindigar a kan matashi ko buhun yashi, ka harba kowane iri a takardarsa daga mita 50. Wanda ramukansa suka fi taruwa wuri ɗaya shi ne naka, kuma nisan da za ka iya zuba dukkan harbinka a cikin faɗin farantin cin abinci shi ne iyakarka a daji, ko da abokanka suna ba da labarin abin da ya fi haka. Idan naushin bindigar a kafaɗa ya sa ka fara runtse ido kafin ka ja kunama, akwai dunƙule mai sassaucin gudu da ake yi don wannan, kuma a mita 50 barewa ba za ta san bambanci ba.

Tambaya: Malam, ni ɗan Maraɗi ne, ina karatun aikin gona a kudancin Faransa. Manoman da nake koyon aiki a wurinsu suna fita farautar aladen daji da suke ɓata musu masara, kuma kullum sunan Brenneke nake ji a bakinsu. Mene ne bambancinsa da na Amurkawa? Na kuma ji suna gardama a kan matsin baki.

Amsa: Malam ɗalibi, Allah ya ba da sa'ar karatu. Dunƙulen Brenneke ya girmi na Foster da fiye da shekara talatin, domin Wilhelm Brenneke, wani maƙerin bindiga Bajamushe, ya fito da shi tun 1898. Shi ma na bututu mai santsi ne, yana da haƙarƙari a jiki, kuma da nauyin gaba yake tafiya, amma hanyar da aka bi ta bambanta. Maimakon a raraka gindin darmar sosai, sai aka bar ta kusan a cike, aka liƙa mata matoshi marar nauyi a baya, wanda ba ya rabuwa da ita bayan an harba. Matoshin nan shi ne yake zama kamar kyauron kibiya. Da yake darmar a cike take, kuma a wasu nau'o'in an ƙara mata tauri, ba ta saurin bajewa idan ta daki nama, sai ta ratsa ciki da nisa.

Wannan ne dalilin da ya sa manomanku suke sonsa. Barewa dabba ce mai siririyar fata da ƙananan ƙasusuwa, dunƙulen Foster mai taushi yana bajewa a jikinta ya gama aiki. Aladen daji kuwa, musamman tsohon namiji, yana da kaurin fata a kafaɗa da ƙashi mai ƙarfi, kuma idan aka yi masa rauni bai mutu ba yana iya juyowa kan karnuka ko mutane. A irin wannan farauta ta kora, inda dabbar take ɓullowa daga kurmi a guje a nisan mita 20 ko 30, ba nisa ake nema ba, ratsawa ake nema. Wannan dalilin ne kuma ya sa mutane da yawa a Alaska suke ɗura irinsa don kariya daga beyar.

Tun da a Faransa kake, za ka kuma ji sunan Sauvestre, kuma ya kamata a ambace shi domin shi ne ya saɓa wa ƙa'idar da muka faɗa wa ɗan'uwanmu na Ohio. Mai riga ne, amma an yi masa wutsiya mai fukafukai a baya, har Faransawa suna kiransa harsashi-kibiya, saboda haka ba ya bukatar murɗiya, a bututu mai santsi ake harba shi. Irin wannan ne yake sa a riƙa karanta bayanin da kamfani ya rubuta a jikin kwali maimakon a tsaya a kan siffa kaɗai.

Game da matsin baki, bututun harbin tsuntsaye yakan ɗan tsuke a ƙarshensa don ya tattara ƙwayoyin darma kada su watse da wuri. Matakansa sun faro daga wanda ba shi da matsi ko kaɗan har zuwa cikakken matsi. Dunƙule ya fi son baki mai sauƙin matsi, kuma wanda ake rubuta wa Improved Cylinder shi ne aka fi ba da shawara a kansa. Dunƙulen darma mai haƙarƙari na kamfani an tsara shi ne ya iya wucewa ta matsi, amma idan matsin ya yi yawa yakan lotse fiye da kima, saitinsa ya ragu. Matsin nan na musamman mai tsananin tsukewa da ake yi don harbin talo-talon daji bai kamata dunƙule ya bi ta cikinsa ba sam. Haka kuma bindigar da ake ɗaura wa matsi da zare, kada a harba ta babu matsin a ciki, domin dunƙulen zai cinye zaren.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina jihar Illinois, kuma shekara uku ke nan ina farauta da Remington 870 mai santsin ciki. Abokina ya ce in sayi bututu mai murɗiya in daina wahala. Ya cancanci kuɗin?

Amsa: Alhaji, amsar tana wurin da kake zama ka jira dabba. Idan a cikin kurmi kake, inda itatuwa ba sa barin ido ya wuce mita 60, bututun da kake da shi ya wadatar, kuma kuɗin zai fi amfani idan ka sa wa bindigar saiti mai kyau ka ƙara yawan gwaji. Idan kuwa a bakin gonakin masara da waken soya kake bayan girbi, inda barewa take fitowa a mita 120 ta tsaya, to abokinka yana da gaskiya. Alherin Remington 870 da Mossberg 500 shi ne ana sauya musu bututu cikin 'yan mintoci. Idan za ka saya, ka nemi wanda mazaunin madubin saiti yake manne da bututun kansa, domin ko ka cire ka mayar saitin ba ya gushewa sosai.

Sai dai ka lissafa abu biyu. Na ɗaya, mai riga yana da tsada, kuma ba a sanin bindiga sai an ƙona harsashi da dama a filin gwaji. Na biyu, bututu mai murɗiya aiki ɗaya ya iya. Idan ka harba masa ƙwayoyin tsuntsaye, juyin zai watsa su su yi zobe, tsakiya ta zama fanko, wato daidai wurin da ka auna. Akwai tsaka-tsakin hanya, wato matsin baki mai murɗiya da ake ɗaurawa a ƙarshen bututu mai santsi, wanda yake ba dunƙule ɗan juyi a 'yan incin ƙarshe. Dabarar tsohuwa ce: wani hafsan sojan Ingila, George Fosbery, ya yi rajistarta a 1885, kamfanin Holland & Holland na Landan ya riƙa ƙera bindiga da ita da sunan Paradox, mafarautan Turawa suka yi ta yawo da ita a Indiya da Afirka domin bindiga ɗaya ta ɗauki tsuntsu da babbar dabba. Wani dunƙulen yana amsa wannan ɗan juyi da kyau, wani kuma ba ya amsawa, musamman mai riga mai tsananin gudu.

Kafin ka kashe kuɗi ka duba dokar jiharka ta bana. Asalin abin da ya bunƙasa bututu mai murɗiya shi ne jihohin tsakiyar Amurka masu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da yawan gidaje sun daɗe suna hana harbin barewa da raifil, sai masu ƙira suka yi ta gyara bindigar tsuntsaye har ta kusa zama raifil. Yanzu lamarin yana sauyawa. Ohio ta halatta wasu raifil masu miƙaƙƙen kwanso a 2014, Iowa ta bi sahu a 2017, Illinois ɗinku kuma ta yarda da wasu masu cin harsashi ɗaya daga farkon 2023. Idan ka ga har yanzu bindigar dunƙule kake so, ka duba geji 20, wadda bututunta bai kai na geji 12 faɗi ba, irin su Savage 220, domin da mai riga tana kai nisan da geji 12 take kaiwa, naushinta kuma ya fi sauƙi ƙwarai.

Tambaya: Malam, mahaifina tsohon maharbi ne a ƙasar Bauchi. Yana da bindiga mai baki biyu ƙirar Beljiyam wadda ya daɗe da ita da lasisinta, yana kuma da wata ƙirar gida da maƙeri ya yi masa. Mugun dawa yana ɓarna a gonarmu. Za a iya sa dunƙule a ɗayansu?

Amsa: Ɗan'uwa, a gaida Baba. Mu fara da ƙirar gida domin amsarta gajeriya ce: kada a sa mata. Bindigar masana'anta ana gwada bututunta da harsashin da ya fi na kullum ƙarfi kafin a sayar, a Beljiyam ma akwai gidan gwaji na hukuma a birnin Liyej da yake buga hatiminsa a jikin ƙarfen. Bututun da aka yi da fayif ɗin ruwa ko wani ƙarfen da aka tsinta bai bi ta wannan gwaji ba, faɗin cikinsa kuma ba daidai yake ba daga gindi zuwa baki. Ƙwayoyi suna iya matsuwa su wuce wurin da ya tsuke, curi ɗaya kuwa yana iya cijewa, kuma idan bututu ya fashe, hannun hagu da fuskar mai harbi ne suke kusa. Haka hukuncin yake ga bindigar toka, da kuma tsofaffin bututun Turawa da aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe mai zane kamar guguwa a jikinsa, domin don baƙin albarushi aka yi su.

Mai baki biyun tana iya ɗauka idan lafiyarta ƙalau, amma sai an duba abubuwa. A ɓalle ta a karanta lambobin da ke ƙarƙashin bututun. Idan an ga 12/70, mazaunin harsashinta milimita 70 ne. Idan 12/76 ne, ya fi tsawo. Tsofaffi da yawa kuwa 65 ne kawai. Tsawon da ake nufi shi ne na kwanso bayan ya buɗe, shi ya sa dogon harsashi yake iya shiga gajeren mazauni ya rufu lafiya lau, sai an harba bakinsa ya rasa wurin buɗewa, matsin iskar albarushi ya haura abin da ƙarfen zai ɗauka. Gajere a dogon mazauni babu laifi, dogo a gajere kuwa haɗari ne. A kuma duba tsatsa da lotsawa, a tabbatar ba ta girgiza a mahaɗa idan an rufe ta.

Sai maganar matsi da saiti. A irin waɗannan bindigogi bakin hagu ne galibi ya fi tsukewa, kuma inda ake alama da taurari, tauraro ɗaya yana nufin cikakken matsi, saboda haka bakin dama ne ya fi dacewa da dunƙule. An haɗa bututun biyu ne don watsin ƙwayoyinsu ya haɗu a wani nisa, ba don curi ɗaya ba, shi ya sa ba mamaki ka ga na dama ya bugi gefe ɗaya na hagu ya bugi wani gefen. Da ɗan ƙwallon saiti guda, bai kamata a wuce mita 30 zuwa 40 ba. Ga mugun dawa, mai kaurin fata da taurin rai, irin na Brenneke ya fi na Foster.

Akwai kuma abin da ya fi zaɓen harsashi muhimmanci a gona. Ƙwayoyin tsuntsaye suna mutuwa a ɗan nisa, dunƙule kuwa idan ya kuskure yana tafiyar ɗaruruwan mitoci da ƙarfin kisa, yana kuma iya dukan dutse ko busasshiyar ƙasa ya karkata. Gonakinmu ba sa rabuwa da masu ciyawa da makiyaya da yara, saboda haka ba a harba shi sai an ga tudu ko gaɓar rafi a bayan dabbar. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa irin wannan bindiga a ƙarƙashin lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, harsashi ma yana ƙarƙashin doka, don haka a tabbatar takardar Baba ba ta ƙare ba, a saya a wurin dillali mai izini, a kuma sanar da jami'an gandun daji na jiha game da ɓarnar kafin a ɗauki mataki, musamman idan gonar tana kusa da Yankari ko wani keɓaɓɓen daji inda farauta haramun ce a doka.

Tambaya: Malam, maigidana yana farauta a nan Kalifoniya, naman kuma ni nake gyarawa in dafa wa yara. Na ji ana cewa darmar harsashi tana zama a cikin nama. Gaskiya ne, kuma akwai dunƙulen da ba na darma ba?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne darma tana iya barin ɓurɓushi a kewayen raunin, kuma dafuwa ba ta kawar da ita. Wanda ya tuna abin da gubar darma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba ya bukatar dogon bayani a kan illarta ga ƙananan yara, ko da yake abin da ke cikin naman farauta bai kama ƙafar wancan ba. Dunƙule bai kai harsashin raifil mai tsananin gudu tarwatsewa ba, amma duk da haka a yanke naman da ke kewaye da hanyar da ya bi da yalwa a zubar, kada kuma a haɗa shi da wanda za a niƙa.

A jiharku ma doka ta riga ta raba gardama, domin tun ranar 1 ga Yuli 2019 Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma kowane iri. Madadin da aka fi samu shi ne na jan ƙarfe, kuma yawancinsa mai riga ne, wato na bututu mai murɗiya. Jan ƙarfe ya fi darma tauri nesa ba kusa ba, ba ya lotsawa ya bi ta matsi kamar yadda ita take yi, shi ya sa ake sanya shi a cikin rigar roba. Idan bindigar maigida mai santsin ciki ce, akwai marasa darma da aka yi domin irinta, wasu na kuza, wasu na ƙarfe a cikin roba, sai ya nemi wanda kwalinsa ya faɗa ƙarara cewa na bututu mai santsi ne, ya duba matsin da kamfanin ya amince da shi, sannan ya sake gwada saitinsa a takarda, domin da yake nauyinsu ya bambanta da na darma, ba wuri ɗaya suke sauka ba.